Kwamfuta ko teburin gwaji? Shawara ga mai shirin binciken ilimin haske a Zariya

Ɗalibin digiri na biyu idan ya gama zangon shiga aji ya zo kan rubuta furofozal, hankalinsa kan tafi ne wajen neman take mai daɗin faɗa. Amma ga wanda ya zaɓi fagen haske, wato leza da fayiba (siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske) da ruwan tabarau da na'urorin auna haske, akwai tambayar da ta riga take zuwa: alƙaluman da za su cika babi na huɗu, daga ina za su fito? Kwamfuta ce za ta lissafo su, ko kai ne za ka auno su a kan tebur? Amsar da ka bayar ita ce za ta yanke yawan kuɗin da za ka kashe, da shekarun da za ka yi kana sintiri a Samaru, da irin aikin da za ka iya nema ranar da takarda ta fito.

A nan Zariya galibi ta ƙofa biyu ake shigowa wannan fage. Wasu ta sashen Fiziks na Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ta ɓangaren injiniyancin lantarki da sadarwa. 'Yan Fiziks sun fi karkata ga yadda haske ke mu'amala da abu, kamar siririn shafen da ake yi wa gilashi, ko ƙwayoyin sola. 'Yan injiniya kuwa aika saƙo da haske ne ya fi damunsu. Amma duk mararraba ɗaya suke tararwa. Ni dai ra'ayina, in faɗa tun da wuri, wanda ke ɗaukar nauyin kansa a digiri na biyu ya sa kwamfuta ta zama ginshiƙin aikinsa, sai dai kada ya yarda ya fita bai auna ko da abu ɗaya da hannunsa ba. Wannan shawara ba kowa za ta hau ba, shi ya sa ya kamata a baje kowace hanya a duba cikinta.

Abin da ɗalibai ke kira simuleshin, wato kwaikwayon gwaji a cikin kwamfuta, ba abu guda ba ne. Akwai manhaja irin OptiSystem ta kamfanin Optiwave na Kanada, wadda a cikinta kake jera layin sadarwa tun daga leza, da na'urar ɗora saƙo a kan haske, da fayiba, da mai ƙara wa haske ƙarfi, har zuwa mai karɓa, ka danna ta nuna maka yawan kuskuren da saƙo ya iso da shi. Akwai Zemax, mai bin sawun haske cikin ruwan tabarau, ta masu zana kyamara da madubin likita. Sai masu zurfi irin su Lumerical da COMSOL da MEEP, waɗanda ke warware lissafin Maxwell, wato ƙa'idojin da ke bayyana yadda haske ke tafiya, a cikin abubuwan da ba su kai kaurin gashi ba. Biyu daga cikinsu, Lumerical da MEEP, an fi saninsu da dabarar da Kane Yee ya fito da ita a 1966, ta yanka fili da lokaci ƙanana ƙanana ana bin haske taki bayan taki. Masu aikin sola kuma suna da SCAPS daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam, wadda kyauta ake bayarwa.

Babban abin da wannan hanya ke ba ka shi ne lokacinka ya dawo hannunka. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ne 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wanda aikinsa ke cikin laftof ya ci gaba da shi a ɗakinsa, wanda nasa ke bayan ƙofar lab kuwa sai dai ya zauna jira. Ko ba yajin aiki, yawancin 'yan digiri na biyu a nan ba karatu kaɗai suke yi ba. Wani yana koyarwa a sakandare a Tudun Wada, wani yana da shago a Sabon Gari, wata matar aure ce da ba ta samun kanta sai yara sun yi barci bayan isha'i. Irin waɗannan kwamfuta tana jiransu a duk sa'ar da suka samu. Sannan kuskure a cikinta ba ya cin kuɗi. Ka sa wa leza wutar da ta fi ƙarfinta sau goma, babu abin da zai ƙone, sai dai ka goge lamba ka sa wata.

Amma fa ba kyauta ba ce kamar yadda ake ɗauka. Lasisin manyan manhajojin nan da dala ake saye, kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Abin da aka saba shi ne aboki ya turo maka wadda aka fasa a filash. Ba na goyon bayan wannan, kuma ba don maganar amana kaɗai ba, ko da yake ita ma ta isa dalili. Wadda aka fasa takan tsaya ana tsakiyar aiki, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara, ranar da kuma ka aika maƙala wata babbar mujalla ka rubuta sunan manhajar, ka sa hannu ke nan a kan abin da ba za ka iya karewa ba. Gara ka tambaya ko sashenku na da lasisi, in babu ka koma ga na kyauta. MEEP daga cibiyar MIT ta Amurka ta fito, kowa na iya saukewa. Lissafin yadda haske ke tafiya cikin fayiba ma, mutum na iya rubuta shi da kansa da harshen rubuta manhaja na Python a shafi ɗaya ko biyu. Farkonsa da ɗaci, wata biyu na farko za ka ji kamar ba ka motsi, amma wanda ya rubuta lissafinsa da hannunsa ba a kayar da shi da tambaya a wajen difens, wato zaman kare kundi a gaban malamai.

Haka nan kada ka ɗauka ka rabu da matsalar wuta. A dabarar nan ta Yee, in kana aiki a tsawo da faɗi da zurfi, ka rage girman yankan zuwa rabi don sakamako ya ƙara kyau, ma'ajiyar da kwamfuta ke buƙata za ta ninka sau 8, lokacin lissafi kuma sau 16. Aikin awa ɗaya ya koma na awa 16 ke nan. Laftof mai gigabait 8 ba za ta ɗauki babban tsari ba, in ma ta ɗauka, a ɗauke wuta a awa ta goma sai ka faro daga farko. Don haka kuɗin da ba ka kashe a kan madubai ba, wani kaso nasa zai tafi wajen batir da inbata ko faifan sola. Kuma tun wajen zaɓen take ka auna abin da na'urarka za ta iya ɗauka.

Ramin da ya fi waɗannan zurfi shi ne maimaici. Kundaye nawa aka rubuta a jami'o'in ƙasar nan da ba su wuce wannan ba: wani ya aika tashoshi 16 cikin fayiba ɗaya, na bayansa ya mai da su 32, na bayan wancan ya ƙara tsawon layin, duk da lambobin da manhajar ta zo da su daga kamfani. Zane ya fito da kyau, launi launi, amma babu wanda ya ƙaru da komai. Estanal, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba kundi, in mai ido ne zai tambaye ka abu biyu: mene ne sabo a nan, kuma me ya tabbatar maka cewa abin da kwamfutar ta faɗa gaskiya ne? Maganin tambaya ta biyu ɗaya ne. Kafin ka lissafa naka, ɗauko sakamakon da wasu suka auna a lab suka wallafa, ka sa manhajarka ta sake fito da shi. In ta kasa, to ba a kai ga maganar naka ba tukuna.

Ga misali da zai nuna tazarar da ke tsakanin allo da fili. Fayibar da ake shimfiɗawa tsakanin garuruwa tana asarar kusan desibel 0.2 (desibel shi ne ma'aunin raguwar ƙarfin haske) a kowace kilomita, idan hasken mai tsawon zango nanomita 1550 ne (zango shi ne tazarar da ke tsakanin kaɗawar haske ɗaya da mai bi mata, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Layin da ya kai kilomita 80, kwatankwacin Zariya zuwa Kaduna, zai ci desibel 16, wato kashi ɗaya cikin 40 na hasken ne zai isa. Wannan lissafi kwamfuta ba ta kuskure a kansa. Abin da ba ta sani ba shi ne sau nawa masu aikin hanya suka tsinke layin aka sake haɗawa, ina aka lanƙwasa shi fiye da ƙima a cikin rami, wane mahaɗi ne ƙura ta hau. Zuciyar fayibar, inda hasken ke bi, kusan maikiromita 9 ce kawai (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a cikin gilashi mai kaurin maikiromita 125. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta zauna a bakinta ta tare hanya.

To a nan ne teburin gwaji yake da abin da babu inda za ka same shi. Ɗauki na'urar Michelson, wadda kusan duk mai koyon haske da ita yake fara horon hannu. Leza ja mai nanomita 632.8, madubai biyu, da gilashin da ke raba hasken gida biyu. Za ka ga ɗigo biyu ja a jikin farin kati. Sai ka yi ta murɗa ƙusar madubi a hankali, ɗaya ya matso, ya wuce, ka dawo da shi, har su hau kan juna. Kwatsam sai zobba su bayyana, haske da duhu, ɗaya cikin ɗaya. Duk zoben da ya shige yana nufin madubin ya gusa da rabin zangon hasken, kusan nanomita 316. Wani ya bugo ƙofa a can ƙarshen baranda, zobban su yi rawa. A tayar da janareta a bayan gini, su ɓace gaba ɗaya. Ka kai tafin hannunka kusa da hanyar hasken ba tare da ka taɓa komai ba, ɗumin jikinka kaɗai ya karkatar da su. Daga nan sai ka fara neman dabara: falalen dutse a ɗora kan tiyub ɗin babur da ba a cika wa iska ba, a rufe da kwali, a kashe fanka, a dawo aiki ranar Asabar da ginin ya yi shiru. Wanda ya sha wannan, in ya ga layi ya yi karkarwa a cikin sakamako, tambayar da zai fara yi ita ce me ya motsa a ɗakin. Wannan ido ba a samunsa a gaban allo.

Kuɗin wannan ilimi ne mai nauyi. Kusan komai daga waje yake zuwa, daga kamfanoni irin su Thorlabs da Newport da Edmund Optics, kuma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, duk abin da ke da alamar dala ya yi nisa. Ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, ga jiran makonni ko watanni. Ƙaramin kuskure kan ninka jiran: maƙallan madubi kala biyu ake ƙerawa, masu zaren inci irin na Amurka da masu zaren milimita, in ka yi odar wanda bai dace da teburinku ba, ƙusa ba za ta shiga ba, sai ka sake oda. Ƙananan lezoji na dayod kuma ba su da juriya. Wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke tana kashe su, haka ma tartsatsin nan da ke fita daga yatsa lokacin hunturu idan iska ta bushe. Madubin gwaji a fuskarsa shafen yake, ba a bayansa ba irin na ɗaki, in ka share masa ƙura da hankici ko hannun riga ka gama da shi.

Zariya tana da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga Cibiyar Binciken Makamashi ta CERT, mai na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga ɗakin gwajin haɗaka na jami'a. Sai dai a lura, ƙarfin irin waɗannan wurare a wajen tantance abu yake: ka kai samfur, ka biya, a ba ka sakamako. Ga mai binciken shafe ko ƙwayar sola wannan babban taimako ne. Amma kai samfur daban, gina tsarin haske da hannu daban, kuma bai kamata wanda na farkon kaɗai ya yi ya ɗauka ya iya na biyun ba. Kafin ka rubuta sunan kowace na'ura a furofozal, taka ka je ka gan ta. Ka gaida ma'aikacin lab da girmamawa, ka ce, "Malam, don Allah wannan tana aiki a watan nan? Daga wane zango zuwa wane take aunawa? Yaushe rabon da a daidaita ta?" Shi ne ya san gaskiyar kowace na'ura a ɗakin, kuma ɗalibin da ya raina shi ya tsawaita wa kansa karatu.

Maganar ido kuma ba ta wasa ba ce. Leza da ta haura miliwat 5 tana iya yi wa ido lahanin da ba ya warkewa, kuma korayen nan masu araha da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa sun fi ƙarfin da aka rubuta a jikinsu, wasu ma suna fitar da hasken da ido ba ya gani. Hasken fayiba na nanomita 1550 sam ba a ganinsa, don haka ba a leƙa bakin fayiba don a ga ko tana da wuta.

In aka zo kan abin da zai biyo bayan digiri, kowace hanya da inda take kaiwa. Mai son aikin sadarwa a cikin gida ya san cewa shimfiɗa fayiba ba yanzu za ta ƙare ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022 duk a Legas suka sauka, aikin da ya rage shi ne kai su cikin ƙasa. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin haƙa hanyar fayiba a 2020, gwamnatin tarayya kuma ta amince da shirin ƙarin kilomita 90,000 a 2024. 'Yan kwangilar wannan aiki abin da za su tambaye ka shi ne ko ka iya fere fayiba ka haɗa ta da inji, ko ka iya karanta na'urar OTDR, mai binciken lafiyar layin fayiba, ka ce a kilomita kaza layin ya tsinke. Kundin OptiSystem ba zai amsa wannan ba, kundin lab ma ba lallai ya amsa ba. In nan ka dosa, nemi masu aikin ka bi su fili ko da na 'yan makonni ne, kowace hanya ka zaɓa a makaranta.

Mai son digirin digirgir a waje kuwa lissafinsa daban. Jami'ar KAUST da ke kusa da Jidda tana ɗaukar nauyin ɗaliban da ta karɓa, akwai kuma shirin Europhotonics na Tarayyar Turai da ake yi tsakanin jami'o'in Marseille da Karlsruhe da Barcelona da wasu. Malaman irin waɗannan wurare sun san ɗalibi daga nan bai taɓa na'urorin da suke da su ba, ba su kuma sa ran haka. Abin da suke dubawa shi ne ko ka iya lissafi, ko ka iya rubuta manhaja, ko ka taɓa bin tambaya ɗaya har ƙarshenta ka wallafa a mujallar da ake girmamawa. A wannan ma'auni simuleshin mai kyau ya fi gwajin da aka yi a gurguje nauyi. Zanen ƙananan da'irorin haske ma, wanda duniya ke nema yanzu, rabinsa a kwamfuta ake yinsa. Maƙala ɗaya a babbar mujalla irin Applied Optics ko Optics Express ta fi biyar a mujallun nan masu karɓar kuɗi su buga cikin mako ɗaya, waɗanda sunansu kaɗai ke zubar da darajar takardunka.

Wanda nake ganin ya kamata ya rungumi lab da hannu biyu shi ne malamin jami'a ko kwaleji da ke digirin digirgir, mai albashi, mai damar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, mai shekaru uku ko huɗu a gabansa. Shi ne zai dawo ya koyar da wasu, kuma malamin haske da bai taɓa daidaita madubi ba ɗalibansa ma haka za su fita. Irinsa ya nemi shirin STEP na cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964. Shirin yana barin mutum da rajistarsa a jami'arsa ta gida, yana zuwa can na wasu watanni a shekara ya yi aiki da kayansu. Cibiyar tana kuma shirya kwas na musamman kan ilimin haske lokaci lokaci. Akwai Cibiyar Leza ta Afirka da ke da mazauni a Pretoria, mai haɗa masu bincike da lab ɗin Afirka ta Kudu. Shiga ƙungiyar masana haske irin Optica ko SPIE da katin ɗalibi ma yana buɗe ƙofar ƙananan tallafi da taruka.

Duk wannan lissafi sufabaiza na iya rushe shi. In malamin da aka ba ka ɗan lissafi ne, kai kuma ka nace sai gwaji, ranar da na'ura ta ƙi ba wanda zai tsaya a kanka. In kuwa yana da tebur mai aiki da ɗalibai a kai, to ka yi sa'ar da ba kowa ke samu ba, kada ka gudu don tsoron wahala. Ka duba maƙalun da ya wallafa a shekaru biyar na baya, su za su gaya maka abin da hannunsa ya iya. Ka tambayi waɗanda suka gama a ƙarƙashinsa shekara nawa suka yi. Sannan ka zauna gabansa ka ce, "Ranka ya daɗe, in kayan nan ba su iso ba zuwa wata shida, me za mu koma yi?" Malamin da ke da amsar wannan a shirye, ka riƙe shi.

Saura abu ɗayan nan da na ce a auna da hannu. Ni a ganina Zariya ta riga ta ba mu shi, kuma kowace shekara yana zuwa har ƙofar ɗaki: hazon hunturu. Akwai fasahar aika saƙo da leza ta cikin iska daga gini zuwa gini, ba tare da an haƙa rami an binne waya ba, kuma ɗalibai da dama suna son yin bincike a kanta. Babban abokin gabarta shi ne duk abin da ke yawo a iska. Don ƙiyasta asarar haske, kusan kowa yana ɗauko lissafin Kruse na 1962 ko gyaran da Kim ya yi masa a 2001, waɗanda ke ɗaukar nisan da ido ke iya gani su fitar da desibel. Bisa wannan lissafi, ranar da ido ba ya wuce kilomita ɗaya, hasken nanomita 1550 zai yi asarar kusan desibel 10 a kilomita guda. Kashi ɗaya cikin goma ne zai isa, asarar da fayiba sai ta yi kilomita 50 take yi.

Sai dai waɗannan lissafai a kan hazon wasu ƙasashe aka gina su, wanda galibinsa ɗigon ruwa ne mai siffar ƙwallo. Namu busasshiyar ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta masu kusurwa, girmansu ya bambanta, kuma yadda suke warwatsa haske da shanye shi ba lallai ya zo ɗaya da na ruwa ba. Tashar auna ƙurar sama ta tsarin AERONET da aka fi dogaro da ita a ƙasar nan tana Ilori ne tun 1998, nesa da mu ta kudu, inda ƙurar ke isa bayan manyan ƙwayoyinta sun zube a hanya. Ɗalibin da ya zuba lissafin Kim a OptiSystem ya rubuta "Zariya" a take, bai faɗi komai game da Zariya ba. Wanda ya auna kuwa, yana da abin da ɗan Jamus mai lab ɗin miliyoyi ba shi da shi.

Kuma aunawar ba ta fi ƙarfin ɗalibi ba. Ƙaramar leza ja ta dayod mai nanomita 650, fotodayod biyu (ƙananan na'urorin auna ƙarfin haske), ruwan tabarau ɗaya mai tattara haske, allon Arduino (ƙaramar kwamfuta mai tara alƙaluma) da katin ajiya, sai tazarar mita 100 ko 200 tsakanin gine-gine biyu. Asarar desibel 10 a kilomita tana nufin desibel ɗaya a mita 100, wato hasken ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari, abin da fotodayod mai araha zai gani sarai. Wahalar tana ranakun da hazon bai yi kauri ba, inda raguwar ba ta wuce 'yan kaso ba, alhali ƙarfin lezar kansa yana sauyawa tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Shi ya sa fotodayod na biyu: a tsaga ɗan hasken tun a bakin leza a riƙa auna shi, a kwatanta abin da ya isa can da wannan. Dole kuma a riƙa kunna lezar ana kashewa sau dubbai a daƙiƙa, a tace wannan bugun kaɗai, in ba haka ba hasken rana zai haɗiye komai. Da tsakar rana kawalwalniya za ta sa ɗigon ya yi ta rawa a bakin mai karɓa, wannan ma abin rubutawa ne, ba abin jefarwa ba. Gilashin gaba kuma a riƙa hure shi kullum a rubuta lokacin, don kada ƙurar da ta kwanta a kansa ta shiga lissafin ta iska. A kafa hasken sama da kan mutane, a miƙe, kada a ɗaga shi sama, domin jiragen koyon tuƙi na Kwalejin Sufurin Jiragen Sama suna shawagi a kan garin nan. Nisan gani kuwa, ban da alƙaluman hukumar hasashen yanayi ta NiMet, kana iya tara naka: hoton Dutsen Kufena ko wani dogon gini daga wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, kowace safiya.

Wanda ƙura ba ta ba shi sha'awa yana da wasu ƙananan ƙofofi irin wannan. Faifan DVD yana da layuka kusan 1,350 a kowace milimita, ya isa ya baje haske zuwa launukansa a gaban kyamarar waya, a gwada gano manja ko zuma da aka yi wa algus. Madubin likita na OpenFlexure da ake bugawa da firintar roba, an riga an gwada shi a Tanzaniya wajen duba jinin masu zazzaɓin cizon sauro.

Aibin aikin hazo ɗaya ne, kuma babba ne: sau ɗaya yake zuwa a shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. In ya wuce na'urarka ba ta shirya ba, ka ƙara wa kanka shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka odar kaya tun damina, haɗawa da gwaji a cikin ɗaki a Satumba, a fita da ita waje a Oktoba lokacin da sama ke garau, domin waɗannan ranaku masu tsabta su ne ma'aunin da za ka kwatanta na hazo da su. Wajen rubuta manufofin bincike kuma a raba ƙafa: biyu ko uku na farko su tsaya a kan kwamfuta, yadda ko na'ura ta ƙone a Disamba kundin zai iya zuwa difens, ta ƙarshe ita ce gwada lissafin da abin da aka auna. A faɗa wa sufabaiza wannan tsari tun ranar farko, a kuma rubuta shi haka a furofozal, don kada kwamitin semina ya ɗaure ka da alƙawarin da hunturu ɗaya ba zai iya cikawa ba.